FILIN LISSAFI: Ƙidaya da Sifiri da Ɗaya Kaɗai

A wannan mako za mu fara da wata 'yar tambaya. Mai awon gyaɗa yana da duwatsun sikeli guda biyar kacal, amma yana iya auna kowane nauyi daga kilo 1 har zuwa kilo 31. To, mene ne nauyin duwatsun nan? Amsa ita ce 1 da 2 da 4 da 8 da 16, watau kowane dutse ninkin wanda ke gabansa ne.

Alal misali, in yana son kilo 13, sai ya ɗora 8 da 4 da 1, ya bar 2 a ƙasa. Idan muka rubuta 1 ga dutsen da aka ɗora, sifiri kuma ga wanda aka bari, muka faro daga babba zuwa ƙarami, sai mu sami 1101. Wannan ita ce 13 a ƙidayar tushe biyu. A ƙidayarmu ta yau da kullum kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma, a nan kuwa sau biyu ne.

Ga hanya mai sauƙi ta juya kowace lamba. A riƙa raba ta biyu, ana rubuta saura. Rabin 13 shi ne 6, saura 1. Rabin 6 shi ne 3, saura 0. Rabin 3 shi ne 1, saura 1. Rabin 1 sifiri ne, saura 1. Sai a karanta sauran daga na ƙarshe zuwa na farko: 1101.

Wannan tsari yana da halaye da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, lambar da ta ƙare da 0 cika ce, tana rabuwa biyu daidai, wadda ta ƙare da 1 kuwa mara ce. Na biyu, ƙara sifiri a dama yana ninka lamba: 1101 ita ce 13, 11010 kuma 26. Na uku, kowace lamba hanya ɗaya tak ake rubuta ta, domin kowane dutse ya fi jimlar na ƙasa da shi da ɗaya: 1 da 2 da 4 sun ba da 7, ga 8 a gaba. Saboda haka gurbi biyar iyakarsu 31, gurbi takwas kuma 255.

Masanin lissafi Bajamushe, Gottfried Leibniz, ya wallafa bayani a kan wannan ƙidaya a shekarar 1703. Amfaninta ya fito sarai da zuwan kwamfuta, domin a na'urar lantarki ya fi sauƙi a bambanta hali biyu, wuta ta wuce ko ba ta wuce ba, da a bambanta goma. Duk saƙo da hoto da ke cikin wayar hannu da sifiri da ɗaya aka adana su. Don haka yaron da ke son koyon aikin kwamfuta, daga nan zai ɗora harsashi.

Aikin gida: ku rubuta 21 da 100 a tushe biyu, ku kuma faɗi duwatsu nawa mai awo ke bukata don ya kai kilo 100. Sai mun sadu a mako mai zuwa da amsa, in Allah ya kai mu.