Malamai Masu Duba Aikin 'Yan'uwansu

Idan malamin ilmin halayyar ɗan Adam ya gama bincike a jami'a, ba a buga takardarsa nan da nan. Editan mujalla yakan miƙa ta ga malamai biyu ko uku gwanayen fannin, galibi a ɓoye sunayensu. Su za su duba ko mutanen da aka gwada sun isa yawa, ko lissafi ya daidaita, ko hukuncin da mai bincike ya yanke ya zarce hujjarsa. Sa'an nan su ce a buga, ko a gyara, ko a mayar masa. Lalle al'adar nan tana tare shirme da yawa, mai rubutu kuwa yakan yi hattara in ya san idon gwani na jiransa.

Amma masu duban nan 'yan Adam ne. A 1982 waɗansu malamai biyu a Amurka, Douglas Peters da Stephen Ceci, suka bayyana wata dabara da suka gwada. Sun ɗauki takardu 12 na malaman manyan jami'o'i waɗanda aka riga aka buga, suka musanya sunayen marubutan da na makarantunsu da sunayen ƙarya, suka mayar da kowace ga mujallar da ta buga ta da fari. Uku kaɗai aka gane. Cikin 9 da suka rage aka ƙi 8, wai aikin yana da aibi. Takarda dai ita ce, suna ne ya sake. Duk malamin da ya taɓa duba jarrabawar ɗan hakimi ya san yadda suna yake rinjayar alƙalami.

Babban rauninta kuwa, a ganina, takarda kaɗai masu duba suke gani, ba su halarci gwajin ba, kamar mai binciken baitulmali da ya karanta littafi bai ƙidaya kuɗin akwati ba. A 2011 aka tona asirin Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holland, wanda ya shekara da shekaru yana ƙaga alƙalumansa. An janye takardunsa fiye da 50, bayan kuwa sun wuce ta hannun masu duba. Har wa yau, a 2015 malamai suka sake gwada bincike 100 da aka buga, bai kai rabi ba wanda ya tabbata.

Saboda haka waɗansu mujallu, tun 2013, suna duba shirin bincike tun ba a fara gwaji ba, su yi alkawarin buga sakamako ko ya yi wa mai shi daɗi ko bai yi ba.