Keken da Ke Jingine a Zaure Ya Isa Shiga Gasa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo harabar makarantunmu. Malaman da suka saba zuwa aiki a kan babur sun jingine shi, sun nemi abin hawan da ba ya shan mai. Mafi yawan kekunan nan irin masu kaurin taya ne, masu giya, waɗanda aka ƙera don hawan tsaunuka, suka iso mana ta hanyar gwanjo. A daidai wannan lokaci kuma matasan malamai da 'ya'yanmu suna kallon gasar tirayatlon a wayoyinsu, wato wasan da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere ba hutu, suna tambayar yadda ake shiga. Amsar da suka fi samu ita ce sai mutum ya mallaki keken tsere, wanda kuɗinsa kan lashe albashin watanni da dama. Ban yarda da wannan amsa ba, kuma ina tsoron abin da take haifarwa: ko dai mai sha'awa ya haƙura tun bai fara ba, ko ya je asusun adashin ƙungiya ya ciwo bashin da zai daɗe yana yi wa iyalinsa ciwo.

An yi gasar farko ta wannan zamani a San Diego ta ƙasar Amurka a 1974, kuma wasan ya shiga Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000, da iyo na kilomita ɗaya da rabi, keke na kilomita 40, gudu na kilomita 10. Mai koyo ba da wannan yake farawa ba. Akwai gajeren zango mai rabin wancan: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Malamin da ke zuwa makarantar ƙauye mai nisan kilomita 10 ya dawo, kullum yana cinye zangon keken nan. Akwai ma reshen wasan da ake yi a hanyoyin daji, irin gasar XTERRA da aka fara a Hawayi a 1996, wadda keken tsauni shi ne abin hawanta.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Wanda ya yi kilomita 20 a kan gudun kilomita 25 cikin awa zai ɗauki minti 48. Wanda ya yi a kan 30 zai ɗauki minti 40. Minti takwas ke nan, kuma mai keken tsauni na iya dawo da wani kaso nasu da 'yan gyare-gyaren da ba su fi ƙarfin albashinsa ba, muddin ya bi su bisa tsari.

Taya ce farko, ita ce kuma ta fi cancantar kuɗin. Ƙulu-ƙulun da ke jikin tayar tsauni an yi su ne don kama laka da tsakuwa. A kan kwalta lanƙwashewa suke yi a ƙarƙashin nauyin mahayi, suna cinye ƙarfinsa, kuma gurnanin nan da ake ji idan keke yana gudu alamar wannan asara ce. A sauya su da taya mai santsin fuska, siririya, mai faɗin kamar inci ɗaya da rabi. Girman ƙafar keken, ko inci 26 ne ko 27.5 ko 29, a rubuce yake a gefen tsohuwar tayar, haka kuma iyakar iskar da taya ke ɗauka a rubuce take a jikinta, don haka ba a buƙatar canki-canka. Sai dai a tuna ƙasarmu ce ta tsidau da fasassun kwalabe. Kada a ɗoki mafi siranta da mafi rashin nauyi. A nemi mai ƙwarin ciki, a kuma koyi faci da sauya tif da hannu, domin a galibin gasa ba a yarda wani daga waje ya taimaki ɗan wasa ba.

Na biyu ba ya cin ko kwabo, shi ne tsayin sirdi. Yawancinmu muna hawan keke sirdi a ƙasa don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa idan an tsaya, abin da ke gajiyar da cinya ya kuma jawo ciwon gwiwa. A zauna, a ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkace ba, an zo kusa da daidai. Wanda zai sauka daga keke ya yi gudun kilomita 5 ya fi kowa buƙatar wannan.

Sai shok ɗin gaba, wanda a kan kwalta dannawa kawai yake yi yana dawowa duk lokacin da mahayi ya tashi tsaye a kan feda. In yana da makulli a kulle shi. In ba shi da shi, ko ya riga ya mutu kamar yadda ake yawan gani a kekunan gwanjo, mai gyaran keke na iya sauya shi da sandararre, keken kuma ya rage nauyi. Kariya da jak da madigadi a cire su ranar gasa, a mayar da su ranar Litinin.

Inda nake jan kunne shi ne sandunan nan biyu da ake ɗaurawa a kan keke mahayi ya kwantar da hannuwansa. Amfaninsu gaskiya ne. Da zarar gudu ya yi ƙarfi, iska ce babbar abokiyar gaba, kuma jikin mahayi ya fi keken tare ta. Da irin waɗannan sanduna, waɗanda 'yan tirayatlon suka fara yayi, Greg LeMond ya yi zangon ƙarshe na gasar Tour de France a 1989, ya lashe ta da ratar daƙiƙa takwas kacal a kan Laurent Fignon. Amma an rufe masa titi ne. Wanda ya kwanta a kansu hannunsa ya yi nesa da birki, kuma a hanyar da akuya ko ɗan acaba ke iya faɗowa kowane lokaci, wannan ganganci ne. A shekarar farko ya isa mutum ya ɗan sauke kan keken, ya koyi lanƙwasa gwiwar hannu, ya sa rigar da ba ta cika da iska. Babbar riga da keke mai gudu ba sa shiri.

Masu cewa giyar keken tsauni ba ta da gudu suna da ɗan gaskiya, sai dai ba ta shafi mai koyo ba. Ko da faifan gaba mai haƙora 42 ne, na baya mai 14, kowane zagayen feda yana juya ƙafar baya sau uku, kimanin mita shida a ƙafa mai inci 26. Wanda ke juya feda sau 90 a minti yana gudun fiye da kilomita 32 cikin awa. Ranar da malami ya iya riƙe wannan gudu na kilomita 20 har ya ji giya ta yi masa kaɗan, a ranar ya cancanci ya fara tunanin sabon keke. Gaskiya ne kuma akwai gasa, musamman ta ƙwararru inda aka yarda a bi bayan juna kurkusa, wadda ba a shiga sai da keken tsere. A karanta dokokin kowace gasa kafin a biya kuɗin rajista.

Abu biyu ba a yi musu rowa: birki da hular kwano. A dokar wasan ba a ɗauko keke daga ma'ajiyarsa sai an ɗaure igiyar hula, ba a kuma kwance ta sai an mayar da shi. Sauran aikin na jiki ne. A riƙa fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, a riƙa wanke sarƙa a sa mata mai musamman lokacin hunturu, kuma sau ɗaya a mako a sauka daga keke a shiga gudu nan take ko na minti goma ne, domin ƙafa kan yi nauyi kamar ba ta mutum ba sai ta saba. Duk wani gyara a gama shi makonni kafin gasa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban cikas a wurinmu ma iyo ne. Wuraren ninkaya masu tsabta kaɗan ne, kuma babu malamin kirki da zai tura ɗalibai kududdufi ko dam, inda tsargiya da nutsewa ke jira. Akwai ɗan'uwan wasan da ake kira duwatlon, gudu sannan keke sannan gudu, wanda ba ya buƙatar ruwa sai na sha.

Don haka ina roƙon kwamitin wasanni na reshenmu ya sa gajeren duwatlon cikin shirin zangon karatu mai zuwa, na malamai daban, na manyan ɗalibai daban, a hanyar da aka nemi izinin tare ta. A ware rukuni na masu keken tsauni don kada a haɗa su da mai keken tsere. A ɗauki mai gyaran keke guda ya duba birkin kowa a bakin ƙofa, reshe kuma ya sayi hulunan kwano da za a riƙa bayarwa aro, a ajiye su a ofishin sakatare.