Masu Hoton Shamaki Da Labarin Kamfanin Leica

Duk wanda ya baro Gombe ya zo neman abinci Ikko ko Badun a shekarun baya, ya san darajar mai hoto. Shi ke ɗaukar mutum da sabuwar riga ran Sallah, a wanke, a sa a ambulan a aika gida, iyaye su ga ɗansu ya yi ƙiba. Yau wayar salula ta ƙwace wannan aiki, har masu shagon hoto a Shamaki da Agege da Sabo kukansu ya zama ɗaya.

To, ba su kaɗai abin ya shafa ba, har masu ƙera kyamarar ma sun ji jiki. Kamfanin Kodak na Amurka, wanda injiniyansa ne ya fara haɗa kyamara marar fim a 1975, ya ƙi sakin cinikin fim, sai ga shi ya karye a 2012.

Leica na ƙasar Jamus shi ma saura ƙiris. Tun 1925 yake sayar da ƙananan kyamarori masu tsada, amma a 2005 bashi ya kusa binne shi, sai da wani attajirin Ostiriya, Andreas Kaufmann, ya zuba kuɗi ya karɓi ragama. Abin lura shi ne, ba su bi kamfanonin Japan zuwa gasar araha ba, domin sun san can ba za su kai labari ba. A 2006 suka fitar da M8 marar fim, amma siffarta ta da ce, tsofaffin gilasan da mutum ya gada wajen ubansa suna hawa kanta. Wayar da ta zo kashe su kuwa, sai suka shiga cikinta: Huawei a 2016, Xiaomi a 2022, duk sun biya kuɗi don aikin Leica da sunansa. A 2023 suka fitar da M11-P, mai sa wa hoto hatimin da ke nuna asalinsa, a zamanin da kwamfuta ke ƙirƙiro hoton ƙarya.

Ba cewa muke yi mai hoton Shamaki ya sayi Leica ba. Kuɗin M11-P ya kai wajen dala 9,000 a 2023, kayan masu hannu da shuni ne. A ganinmu, abin koyi shi ne ya daina karya farashi don ya kamo waya, ya sayar da abin da ba ta iya ba: haske mai kyau, takarda mai ƙarko, gyaran tsohon hoton kakanni da ya koɗe, da amanar cewa hoton amarya ba zai bazu a intanet ba.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, ku ke aika kuɗin biki da suna. In za ku aika, ku ware na mai hoto, ku ce a wanke a sa a albam, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a tasha.