A Daina Ɗora Wa Saniya Laifin Gatari

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, duk taron da aka yi kan ɗumamar duniya sai an ambaci dabbobinmu. Gaskiya ne saniya tana gyatsar wata iska mai suna metan, ba mu musa ba. Amma iskar da ta fi ɗumama duniya ita ce kabon, wadda ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, ta haura 420 a 2024.

Mafi yawanta daga fetur da gas da kwal take fitowa. Sauran fa? Akwai siminti: idan aka gasa dutsen da ake yin sa, kamar yadda ake yi a Malbaza, dutsen da kansa yana sakin kabon. Sai kuma sarar daji, wadda ita ce ta shafe mu. Itace yana zuƙe kabon ya adana a jikinsa, ciyawa ma tana ɓoye shi cikin ƙasa ta saiwoyinta. Ranar da aka sare, aka ƙone, aka sa garma, ajiyar nan ta koma sama. Masana sun ƙiyasta wannan ya kai wajen kashi 10 cikin 100 na kabon da ɗan Adam ke saki kowace shekara.

A Barazil ana share dajin Amazon don kafa manyan gandayen shanu na attajirai. Wannan ba irin kiwonmu ba ne, kada a haɗa mu a ƙwarya ɗaya. Makiyayi mai tafiya da garkensa yakan bar wuri ya huta, ya bar masa taki.

A nan Nijar dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da ita. Amma ku je arewacin Dakoro ku ga inda gonaki suka kai. Kowace makiyaya da aka mayar gona, an rage mana abinci, an ƙara wa sama kabon.

Mu ma da namu. Wutar daji takan kashe itatuwan da damina ɗaya ba ta mayarwa, haka yi wa gawo kwalkwabo da rani. Mu fito aikin share hanyoyin tare wuta da kaka, mu kuma nemi hukuma ta tsaya kan iyakar 1961.