Sharhi: Daga Jimeta zuwa Mambilla da Chappal Waddi, abin da matafiyi ya kamata ya sani

A kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, hankalin matasa da iyalai da dama a Jimeta da Yola kan karkata ga tsaunukan Mambilla, musamman bayan sun ga hotunan korayen tuddai da gonakin shayi a shafukan sada zumunta. Daga unguwar Dubeli zuwa tashar motar Jambutu tafiya ce ta mintoci, kuma daga nan ake samun motar Jalingo. Wannan sauƙin tashi kan sa mutane su ɗauka sauran tafiyar ma haka take, alhali ta fi yawancin tafiye-tafiyen cikin gida buƙatar shiri.

Tsaunin Mambilla yana cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, mai hedikwata a Gembu, kuma tsayinsa a matsakaici ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. A arewa maso gabashinsa, kan iyakar Nijeriya da Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419 ne, kuma babu inda ya kai shi bisa a duk faɗin ƙasar nan. Dutsen yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, ya kuma ratsa jihohin Taraba da Adamawa da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000.

Yankin ba baƙo ba ne ga mutanen Adamawa. Har zuwa ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da aka raba tsohuwar jihar Gongola, Yola ce babban birninsa, kuma har gobe Fulatanci na cikin harsunan da ake ciniki da su a kasuwannin Gembu da Nguroje. Sai dai sanin harshe da kusancin tarihi ba su rage wa hanya tsawo ko wa dutse sanyi ba.

Abu na farko da ke yanke hukunci kan tafiyar shi ne lokaci. Damina a kan tsaunin ta fi ta Yola tsawo da ƙarfi, domin ruwa kan soma tun wajen Maris ko Afrilu ya kai Oktoba. A wannan tsakanin hanyoyin ƙasa kan zama taɓo, rafuka su cika, hazo kuma ya rufe gaban direba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma shi ne kuma lokacin da sanyin dare ya fi tsanani.

Dalilin sanyin a fili yake. Zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin salshiyos a duk hawan mita 1,000. Yola tana kwance a kwarin Binuwai, inda zafi kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Wanda ya bar ta zuwa Gembu zai tarar da bambancin da ya kusa digiri 10, wanda ya nufi ƙolin Chappal Waddi kuma ya tarar da fiye da haka, ga iska da raɓa. Rigar sanyi mai kauri, bargo, safa da takalmi mai riƙe ƙasa sun zama wajibi, ballantana ga yara da tsofaffi da masu ciwon asma.

Game da ciwon da hawa bisa ke jawowa, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya saboda ƙarancin iskar shaƙa, ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama. Chappal Waddi bai kai wannan iyaka ba, amma ya kusa, kuma wanda ya taso daga kwari ya hau cikin gaggawa zai iya jin alamunsa. Kwana ɗaya ko biyu a Nguroje ko Gembu kafin a fara hawan ƙafa yana ba jiki damar sabawa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya kamata ya ga likita tun yana Yola, ya kuma tafi da magungunansa.

Abu na biyu shi ne hanya. Daga Jalingo ana bi ta Garba Chede zuwa Bali, sannan Serti, inda hedikwatar gandun dajin take, kafin a isa Mayo Selbe a gindin tsaunin. Daga nan titin ke fara nannaɗewa a jikin dutse, ya bi ta hawan nan da aka fi sani da Biyu da Sisi, ya wuce Maisamari da Nguroje zuwa Gembu. Hawan kan sa injin mota ya yi zafi, gangaren dawowa kuma kan ƙona birki idan direba ya dogara da shi kaɗai bai sauka da ƙaramin giya ba. Saboda haka hikima ita ce a raba tafiyar kwana biyu, a kwana a Jalingo ko Serti, a yi hawan da rana tsaka bayan an duba birki, taya da ruwan inji.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na kasafin matafiyi, kuma mai kan ƙara tsada gwargwadon nisan da tanka ta yi da shi. Layin waya da na'urorin cirar kuɗi ba abin dogaro ba ne a ƙauyukan dutse, don haka tsabar kuɗi da fitila da batirin ajiya na cikin guzuri.

Abu na uku shi ne izini da ɗan jagora. Gashaka-Gumti yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, wadda tun 2017 take gudanar da shi tare da gidauniyar Africa Nature Investors. Ba a shiga sai da sanin hukumar da rakiyar ma'aikatanta. Wannan ƙa'ida tana kare namun dajin, ciki har da birin chimpanzi da ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, tana kuma kare matafiyin kansa. Hanyoyin ƙafa a can ba su da alamomi, kuma kuskure kaɗan zai iya tsallakar da mutum cikin Kamaru. Yankin ya ga rikicin ƙabilanci a 2017, rikicin yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi kuma ya koro 'yan gudun hijira zuwa Taraba. Tambayar halin tsaro daga hukumar gandun da masu sarautar gargajiya kafin tashi ba ɓata lokaci ba ne.

Abin lura a nan shi ne kusan duk wannan nauyi yana kan matafiyi shi kaɗai. Mai son zuwa kan tattara bayanai ne daga bakin direbobi da abokan da suka taɓa zuwa. A Tanzaniya, ba a hawa dutsen Kilimanjaro mai mita 5,895 sai an yi rajista, an ɗauki ɗan jagora mai lasisi, kuma an san kuɗin da za a biya tun daga gida. Wannan tsari shi ya mayar da dutsen hanyar abinci ga dubban 'yan dako da masu masauki.

Mambilla tana da abin nunawa: gonakin shayi na Kakara, dajin Ngel Nyaki, garken shanu a kan tuddai, da kogin Donga, inda aka daɗe ana maganar gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3,050 wadda har yanzu ba ta tabbata ba. Abin da ya rage bai kai girman wannan aiki ba. Gyaran titin hawan da sanya masa shinge, horas da matasan yankin aikin jagora, tanadin motar ɗaukar marasa lafiya a gindin dutse da kansa, da buɗe teburin bayanai a Yola da Jalingo cikin Hausa da Fulatanci, duk abubuwa ne da gwamnatocin Adamawa da Taraba za su iya yi tare da Gwamnatin Tarayya.

Kafin a kai ga haka, wanda ya ƙudurta tafiya bana ya tsayar da ranarsa cikin rani, ya tuntuɓi ofishin gandun da ke Serti tun da wuri, ya tafi cikin ayari, ya kuma bar wa iyalinsa bayanin inda zai kwana da ranar da ake sa ran dawowarsa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma idan shirin bai kammala ba, ɗage tafiyar zuwa wata shekara ya fi.