Maguzancin Turai: waƙar ta kaka ce, jarfar ta kanti

Ranar 12 ga Disambar 2024 majalisar dokokin Lituweniya ta amince da Romuva a matsayin addinin da hukuma ta san da zamansa. Romuva ƙungiya ce ta mutanen da suka ce sun koma bautar kakanninsu: su hura wuta a kan tarin duwatsu, su zuba mata gishiri da hatsi, su kira Perkunas mai tsawa da Zemyna uwar ƙasa. A ƙidayar 2021 ba su cika mutum 4,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka doshi miliyan uku, galibinsu 'yan Katolika. Duk da ƙarancin nasu sai da aka kai ruwa rana. Majalisar ta yi fatali da buƙatarsu a 2019, suka garzaya kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, kotun ta yanke a 2021 cewa an nuna musu bambanci. Yanzu auren da shugabanninsu suka ɗaura, aure ne a idon doka.

A ganin mai wannan shafi kotun ta yi daidai, don ba aikin 'yan majalisa ba ne su auna imanin mutane. Sai dai akwai tambayar da kotu ba ta da hurumin amsawa: abin da ake kira gadon kakannin nan, nawa ne gado a cikinsa, nawa ne sabon ɗinki?

Lituweniya ce ƙasar ƙarshe a Turai da ta karɓi Kiristanci, a 1387, yankin Samogitiya ma sai 1413. Daga nan aka kashe wutar wuraren bauta, aka sare kurmin tsafi, masu kula da su suka shuɗe ba su bar littafi ba. Abin da ya tsira shi ne wanda limaman coci ba su ɗauka da muhimmanci ba, wato waƙoƙin matan ƙauye na girbi, da saƙa, da kai amarya, da makoki. A arewa maso gabashin ƙasar akwai wata irin waƙa da ake kira sutartines, wadda mata biyu ko uku ko huɗu ke yi, kowace da nata layin, muryoyin suna gogar juna har baƙon kunne ya zaci kuskure ake yi. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya a 2010.

Cikin irin waɗannan waƙoƙi Jonas Trinkunas ya tono addininsa. Tun a 1967, ƙarƙashin mulkin Tarayyar Sobiyet, shi da abokansa suka farfaɗo da bikin tsakiyar bazara a Kernave, suna yawo ƙauye-ƙauye suna ɗaukar waƙa daga bakin tsofaffi. Hukuma ta gane cewa abin ya wuce nishaɗi, aka kore shi daga Jami'ar Vilnius a 1973. Bayan 'yanci ya yi wa Romuva rajista a 1992, aka naɗa shi babban jagoranta a 2002, da ya rasu a 2014 matarsa Inija ta gaje shi. Ƙungiyar mawaƙan da suka kafa tare, Kulgrinda, ita ke rera waƙoƙin ibadarsu.

Maƙwabciyarsu Latbiya ta fi su abin nunawa. A babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Riga akwai wani kabad na katako mai aljihu 70, wanda aka ƙera a Mosko a 1880. Cikinsa ƙananan takardu ne, faɗin santimita 3, tsawon santimita 11, kowace ɗauke da waƙa guda, yawanci mai layi huɗu. Malaman makaranta da manoma ne suka riƙa aiko da waƙoƙin daga lungu-lungu, wani mutum mai suna Krisjanis Barons ya ƙarar da rayuwarsa yana tantance su, har ya buga waƙoƙi 217,996 tsakanin 1894 da 1915. A cikinsu ake jin sunayen allolin gargajiya irin su Dievs da Mara da Laima mai rabon arziki. Da Ernests Brastins ya tashi kafa addinin Dievturiba a shekarun 1920, waɗannan waƙoƙi ya mayar nassinsa. Sobiyet ta kama shi, ta kashe shi a 1942.

To a nan akwai gado na gaske, wanda za a iya taɓawa da hannu. Amma ko shi ɗin a yi masa adalci. Matan da suka rera waƙoƙin nan suna zuwa coci ranar Lahadi, kuma shekara ɗari biyar ko fiye suka shiga tsakanin rushe wuraren bautar da rubuta waƙoƙin. Tsarin ibadar da ake gani yau, da tufafin lilin, da jerin addu'o'in, 'yan boko ne na ƙarni na 20 suka harhaɗa su. Haka labarin yake a Aislan, inda wani manomi mawaƙi, Sveinbjorn Beinteinsson, ya jagoranci kafa ƙungiyar Asatru a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973, mabiyanta yanzu sun haura 5,000. Mafi yawan abin da suka sani game da allolinsu Odin da Thor daga littafin Snorri Sturluson ya fito, shi kuwa Kirista ne da ya yi rubutunsa wajen 1220, fiye da shekara 200 bayan tsibirin ya bar tsohon addini. Babu laifi a gina sabon ɗaki da tsohon tubali, muddin ba a ce wa baƙo kakan-kaka ne ya gina shi ba.

Inda zance ya lalace shi ne wajen jarfa. Tun da aka fara nuna shirin talabijin na Vikings a 2013, kuma ƙungiyoyin kiɗa irin su Wardruna da Heilung suka cika dandali da ƙaho da fatu da ganguna, shagunan zanen jiki daga Balin zuwa Landan suka samu kasuwa. Saurayi zai shiga ya ce a yi masa "tambarin kakanni" a damtse ko a wuya. Wanda aka fi nema shi ne vegvisir, zane mai rassa takwas da ake cewa da shi mayaƙan Viking ke gane hanya a teku. Zanen nan a wani kundin sihiri na Aislan aka same shi, wanda Geir Vigfusson ya rubuta a 1860, kusan shekara 800 bayan zamanin Viking ya ƙare. Babu jirgi, babu dutse, babu kabarin wancan zamani da aka ga zanen a jikinsa.

Su Viking ɗin ma sun yi jarfa? Adabinsu mai yawan surutu, wanda ba ya barin tabon takobi ko launin gemu bai faɗa ba, bai ambace ta ba. Shaidar da kowa ke jawowa guda ce, kuma ta Musulmi ce. Ahmad ibn Fadlan, jakadan Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya haɗu da fataken Rus, waɗanda ake ɗauka Viking ne, a bakin kogin Bolga a shekarar 922, ya rubuta cewa daga farcensu zuwa wuya zane ne kore mai duhu, kamar na itatuwa. Masana har yau suna gardama ko huda fata yake nufi ko shafe. Ke nan Baturen da ke zaune ana caka masa allura da sunan kakansa, da ruwayar malamin Bagadaza yake aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba wai Turai ba ta san jarfa ba. Gawar da aka tsinta cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, wadda ake kira Otzi, ta shekara kusan 5,300, kuma akwai zane 61 a jikinta, gajerun layuka a gwiwa da idon sawu da ƙugu, inda ciwon gaɓɓai ke cin mutum. Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya ce a wajen mutanen Tires (Thrace), jarfa alamar ɗan babban gida ce.

Jarfar da ta rayu har zamanin kyamara kuwa, a hannun tsofaffin mata 'yan Katolika take, Kuroshiyawan tsakiyar Bosniya. Suna kiranta sicanje. Ranar bikin Waliyyi Yusufu, 19 ga Maris, wata dattijuwa za ta tara 'yan mata, ta kwaɓa kunkunniya da zuma da nonon mai shayarwa, ta zana a bayan hannu, ta bi da allura tana tsattsagawa, sannan a ɗaure hannun har ya warke. Zanen gicciye ne, da da'ira, da reshe, da wani mai kama da warwaro a wuyan hannu. Su dai matan sun gaji labarin cewa a zamanin Daular Usmaniyya ake yi wa yarinya don a san ko 'yar waye idan aka ɗauke ta. Ciro Truhelka, wanda ya yi nazarin zanen a ƙarshen ƙarni na 19, ya ga cewa da'irorin da rassan sun girmi coci a yankin. Mulkin kwaminisanci bayan yaƙin duniya na biyu ya sa aka daina, masu ɗauke da ita yanzu tsofaffi ne tukuf. Bahaushen da ya ga yadda tsagar gado da aikin wanzami suka ja baya cikin tsara biyu ba zai yi mamakin saurin abin ba.

Akwai kuma ƙurar da ba a share ba. Dakarun SS na Hitila sun ɗauki tsoffin haruffan runes suka mayar tambari, shi ya sa har yau dokar Jamus ta haramta nuna wasu daga cikinsu, kuma masu aƙidar fifita farar fata suna ci gaba da fakewa da "jinin kakanni". Ƙungiyar Asatru ta Aislan ta nesanta kanta da su a fili, ta sha zagi da barazana daga waje saboda haka. Wannan abin a yaba mata ne.

Wanda ke son sanin abin da kakannin Turawa suka bari, ya nufi kabad ɗin Riga, ko ya nemi tsofaffin matan Bosniya tun suna raye. Abin da ake sayarwa a shagon jarfa ado ne na wannan zamani, kuma mai sayensa ya cancanci a gaya masa shekarun zanen kafin a caka masa allura.