A Fara Koyar Da Fiziks Daga Gogayya

Ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare ba ya daɗewa a darasin fiziks sai ya ci karo da sharaɗin da littafi ke yawan gindayawa: a ɗauka babu gogayya, igiya ba ta da nauyi, iska ba ta tare komai. A ganina an yi gaggawar kawo wannan sharaɗi. Yaron nan ya taso yana jan guga, yana tura amalanke cikin yashi, kuma ya san da zarar ya sake ta za ta tsaya cak. Kusan duk ƙarfin da hannunsa ya sani na taɓawa ne, wato turi da ja da gogayya da tokarewar da ƙasa ke yi wa ƙafarsa. Sai malam ya rubuta masa dokar Newton ta farko, wadda aka buga a 1687, cewa abin da ke tafiya ba zai tsaya ba sai wani ƙarfi ya tare shi. Zai haddace, amma a ransa yana nan tare da Aristotle, wanda ya ɗauka tafiya ba ta ɗorewa sai da mai turi. Ba zai gaskata Newton ba sai an nuna masa abin da ke tsayar da amalanken.

Za a ce ai Galileo bai gano gaskiyar motsi ba sai da ya kawar da gogayya a tunaninsa. Haka ne, amma bayan ya sha gangara ƙwallaye a kan katako yana lura da yadda take rage musu gudu. Sai ka san abu sannan ka iya cire shi daga lissafi. Za a kuma kawo kukan rashin ɗakin gwaji, wanda gaskiya ne a makarantun gwamnati da dama, sai dai ba uzuri ba ne a nan. Bulo ɗaya da igiya da sikelin ratayawa irin na 'yan kasuwa sun isa. A ja bulon a kwance, a kifa shi ta gefe a sake ja: sikelin zai nuna kusan abu ɗaya, domin nauyi ne ke ƙara gogayya, ba faɗin wurin da ya taɓa ƙasa ba. Abin da Bafaranshe Amontons ya bayyana ke nan a 1699, kuma har yau yana ba manya mamaki.

Masu fargabar WAEC da NECO su kwantar da hankali, lissafin na nan, ya ma fi armashi. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a a kan busasshiyar kwalta tana cin kimanin mita 14 bayan birki ya kama, amma a gudun 100 sai ta ci kusan 56, ninki huɗu ke nan. In ruwa ya jiƙa titi, ko taya ta cinye, tazarar ta ƙaru. Yawancin 'yan ajin ba za su zama injiniyoyi ba, amma da yawansu za su riƙe kan babur ko sitiyarin mota.